Matar mutum kabarinsa, ko a duniya nawa?

Alhaji, daga Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Daren jiya na biya ta fadar samarin unguwarmu, na tarar sun bar shayi yana ƙonewa a kan gawayi, sun haɗa kai a kan waya guda suna kallon wani fim na Faransa mai suna Mon inconnue. Da na tambayi labarinsa, sai suka ce wani marubuci ne ya yi faɗa da matarsa, ya kwanta barci, ya farka a wata duniya irin tamu sak, sai dai a can bai taɓa haɗuwa da matar ba. Suka ƙara da cewa finafinai irin wannan, na tagwayen duniya, suna da yawa yanzu. Abin da nake gani shi ne, waɗannan finafinai guba ne ga zaman aure, domin suna koya wa miji da mata su zauna suna lissafin rayuwar da za su yi da ba su auri juna ba. Mu da muka tashi an ce mana matar mutum kabarinsa, ba mu san wannan lissafi ba, kuma ba na son a koya wa ƴaƴanmu shi.

Auta, daga Yamai:
Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Ina neman afuwa, amma ina jin samarin sun ba ku farkon labarin ne suka riƙe ƙarshensa. Na kalli wannan fim, wanda ya fito a 2019, kuma tun daga farkawar mutumin har zuwa ƙarshe, ba abin da yake yi sai neman hanyar komawa ga matar da ya wulaƙanta. Akwai wani na Amurka, The Family Man, na shekarar 2000, inda wani attajiri da ya bar budurwarsa a filin jirgi don neman dukiya ya farka bayan shekara 13 ya gan shi mijinta, da ƴaƴa biyu, yana sayar da tayoyin mota. Da farko ya ji kamar an jefa shi kurkuku, amma da lokacin komawa ga dukiyarsa ya yi, ba ya son tafiya. In dai abin da ake tsoro shi ne raina aure, to waɗannan finafinai sun fi wasu na gida riƙo da shi.

Alhaji, daga Tawa:
Ɗiyata, ƙarshen fim minti biyar ne, tsakiyarsa kuwa awa ɗaya da rabi. Abin da ido ya daɗe yana kallo shi ke zama a zuciya. Wanda aka nuna wa ƙofa aka ce kada ya shiga, ai an riga an sanar da shi akwai ƙofa.

Mushe, malamin fizik a lise, Tawa:
Alhaji, kafin a yanke wa finafinan hukunci, ina so in raba abin da yake na kimiyya da abin da yake na masu shirya fim, domin ɗalibaina ma suna cakuɗa su. Tushen maganar wani Ba'amurke ne, Hugh Everett, wanda a 1957 ya fitar da aikinsa na digirin dokta a jami'ar Firinsiton. Matsalar da ya tunkara ita ce, lissafin ƙananan ƙwayoyi irin su ilaktaron yana nuna ƙwaya tana iya kasancewa cikin hali fiye da ɗaya lokaci guda, amma da zarar an auna ta sai a sami hali ɗaya tak. Mabiyan Niels Bohr, babban masanin fizik, suka ce awon ne ke tsayar da hali guda. Everett ya ce a'a, duk sakamakon suna faruwa, kowanne a nasa reshe, mai awon ma yana rabuwa tare da su. Manyan fannin ba su saurare shi ba a lokacin, ya bar jami'a ya koma aikin lissafi ga ma'aikatar tsaron Amurka, sai daga baya wani masanin fizik, Bryce DeWitt, ya yaɗa ra'ayin da sunan duniyoyi masu yawa. Har yau fassara ce cikin fassarori, babu gwajin da ya tabbatar da ita ya rushe sauran. Abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu kuma shi ne, ko a wurin waɗanda suka yarda da ita, rassan ba sa magana da juna, ba mai tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Saboda haka miji ya farka a gadon wata duniya ba kimiyya ba ce, tatsuniya ce da aka sa wa rigar kimiyya.

Malam, daga Tawa:
Damuwar Alhaji tana da asali, kada a yi mata gaggawa. Ya tabbata a Sahihu Muslim, daga Abu Huraira, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda wani abu ya sama ya ce da na yi kaza da kaza ya faru, ya umarce shi ya ce Allah ne ya ƙaddara kuma abin da ya so shi ya aikata, domin “da” tana buɗe aikin Shaiɗan. Sai dai malamai sun bambanta “da” ta fushi da hukuncin Allah da “da” ta ɗaukar darasi, tunda shi kansa Manzon Allah a Hajjin bankwana ya ce da ya san abin da ya sani daga baya da bai koro hadaya ba. Game da yawan duniyoyi kuwa, malamin tafsiri Fakhruddin Arrazi, wanda ya rasu a 606 bayan Hijira, ya yi bayanin cewa Allah mai iko ne ya halicci dubban duniyoyi bayan tamu. Amma ikon Allah yake tabbatarwa, bai ce akwai wani Alhaji na biyu da ya auri wata mata daban ba. Abin da nake tambaya shi ne, wace “da” ce mai kallo yake tashi da ita.

Mushe, malamin fizik a lise, Tawa:
Allah ya gafarta Malam, a nan ne abin ke ba ni dariya, domin masu finafinan sun fi kusa da karin maganar Alhaji fiye da yadda suke kusa da Everett. A ɗauki Sliding Doors na 1998. An kori wata mata daga aiki a Landan, ta ruga ta kama jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai labarin ya rabu biyu. A ɗaya ta shiga kafin ƙofa ta rufe, ta iso gida da wuri ta kama saurayinta da wata, sannan ta shaƙu da wani mutum da ta haɗu da shi a cikin jirgin. A ɗayan ƙofa ta rufe ta bar ta, ba ta ga komai ba, aka ci gaba da yaudararta. Amma a ƙarshen wannan reshe na biyu, sai ga ta ta gamu da mutumin nan dai a asibiti. In da ra'ayin Everett suke bi, ba wani dalili da zai sa a sake haɗa su. Sun haɗa su ne don mai kallo yana son a gaya masa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, wanda shi ne abin da kakanninmu suka faɗa ba tare da ilaktaron ba.

Hajiya, daga Tawa:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, na ga maza uku da yarinya ɗaya suna kewaya magana ba wanda ya taɓa tsakiyarta. Auta ta zaunar da ni mun kalli fim ɗin Faransan nan lokacin hutu, tana fassara mini. Alhaji, samarin ba su gaya maka abin da matar ta zama a duniyar da ba ta aure shi ba. Ta zama shahararriyar makaɗiyar fiyano da ake cika zaure don saurarenta, shi kuma ya zama malamin makaranta da ba wanda ya san shi. A duniyar farko ita ce ta ajiye kiɗanta tana karanta masa rubutunsa tana ƙarfafa shi, har ya yi suna ya daina ganinta. Ni ban ga fim da ke zuga mace ta bar mijinta ba, na ga fim da ke tilasta wa miji ya dubi abin da aka ajiye dominsa. Ka tuna ni ce ta ɗaya a ajinmu shekarar da aka cire ni daga lakkwal aka ɗaura mini aure, kai kuma aka bar ka ka ci gaba. Ban taɓa yin fushi da ƙaddara ba, na yi zaman aure shekara 40 har Allah ya ɗauki ran maigidan, kuma ban yi da-na-sanin ƴaƴana ba. Amma in ka ce ban taɓa tunanin malamar da zan zama ba, ka yi mini ƙarya, kuma tun kafin a kawo talabijin garin nan nake wannan tunani.

Auta, daga Yamai:
Inna ta faɗi abin da na kasa faɗa. Haka yake a Everything Everywhere All at Once, wanda ya ci kyautar Oscar 7 a 2023. Matar tana fama da shagon wanki da bashin haraji, mijin yana riƙe da takardar neman saki, sai ta ga duniyar da ta ƙi bin sa Amurka ta zama tauraruwar fim. Ba zan ɓoye ba, Kawu, akwai wurare a cikinsa da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kuma ba zan kalle shi tare da ku ba. Amma ta ga duk abin da za ta iya zama, sannan ta dawo shagon wankin da idonta a buɗe, ta fara ganin kirkin mijin da ta ɗauka rauni ne.

Alhaji, daga Tawa:
Yaya, ban taɓa jin wannan daga bakinki ba, kuma ba ni da amsar da zan ba ki a gaban yara. Sai dai ki lura, ke kin yi tunanin kin haɗiye shi da haƙuri irin na mutanen da. Yarinyar da aka kai ɗaki bara, wadda waya ke hannunta dare da rana, ba ni da tabbacin za ta haɗiye.

Na Abijan:
Kawu, ku yi haƙuri in sa baki, domin mu ƴan bida mun san duniya biyu ba a fim ba. Shekara 9 ke nan ina Abijan, ina zuwa gida wata biyu in koma. Duk mutumin Adar da ke nan yana da wani shi na biyu a cikin kansa, wanda bai hau mota ba, ya zauna ya noma gero da albasa yana kwana ɗaki ɗaya da iyalinsa, ya ga ranar da ɗansa ya fara tafiya. Ni a waya aka nuna mini. Lokacin da na kalli labarin attajirin da Auta ta ambata, ban yi sha'awar wata mata ba, na kira tawa ne muka yi hira har kuɗin wayar suka ƙare. Ban ce kowa haka zai ji ba, amma wannan “da” ɗin ba Turawa suka kawo mana ita ba, tana tashar mota duk bayan girbi.

Malam, daga Tawa:
Maganar ɗanmu na Abijan ta tuna mini cewa fikihu ya daɗe da sanin macen da ke tsaye tsakanin rayuwa biyu, wato matar wanda ya ɓata ba a san yana raye ko ya mutu ba. A mazhabar Malikiyya, idan ta kai ƙara aka bincika ba a sami labarinsa ba, ana yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, sannan ta halatta ga wani. Idan na farkon ya dawo bayan na biyu ya tare da ita, ba shi da hanya zuwa gare ta. Dubi yadda shari'a ta ƙi barin ƙofa biyu a buɗe, ta rufe ɗaya don rayuwa ta ci gaba. A nan nake tare da Alhaji, domin fim yana bai wa mutum damar leƙa ɗaya rayuwar ya dawo bai yi asarar komai ba, alhali a zahiri matan da mazansu suka nufi Libiya ko Aljeriya aka daina jin ɗuriyarsu ba su da wannan gata. Amma ba zan ce kallonsa haramun ne don wannan dalili kaɗai ba, sai in abin da ke cikinsa na batsa ne ya haramta shi.

Hajiya, daga Tawa:
Malam, na yarda a rufe ƙofa, amma a riƙa tambaya wa aka rufe wa. Oumarou Ganda namu, mai shirya fim, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972 da labarin yarinyar da aka aurar wa wani Alhaji mai mata alhali tana da wanda take so, kuma ban ji an ce ya kashe aure a Nijar ba. Abin da ya nuna yana nan kafin ya ɗauki kyamara.

Alhaji, daga Tawa:
Ban janye ba. Har yanzu ina ganin amaryar da ba ta shekara ba bai kamata ta cika idonta da rayuwar da ba ta samu ba, kuma ba zan so a kunna irin wannan a gidana ba. Abin da na sauya shi ne, da na ɗauka matan ne ya kamata a tsare daga kallon, yanzu ina ganin angwayen ne ya kamata a zaunar su kalli na Faransan nan tun daga farko har ƙarshe. Auta, idan kin zo hutu ki zo da shi, ki fassara mini kamar yadda kika yi wa Innarki. Yaya, gobe bayan la'asar zan shigo, ina so in ji sunan malamin da ya zo gida roƙon Baba a bar ki ki gama, domin na tuna zuwansa amma ban taɓa tambayar abin da aka gaya masa ba.