Wa ya san sunan wani tsohon fim ɗin kaboyi?

Ɗan Ƙofar Marusa: Salamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka, Baba ne ya matsa in nemo mishi wani fim ɗin kaboyi da ya kalla a silima tun yana saurayi, ya ce mara kala ne, wai ɗan doka ne ranar ɗaurin aurenshi aka ce bos ɗin da ya taɓa kamawa an sako shi, yana nan tafe a jirgin ƙasa na sha biyun rana, ya bi gari lungu-lungu neman mai taya shi amma kowa ya zille. Iya abin da ya riƙe ke nan.

Tela Daura: Wa alaikumus salam. High Noon ne, na 1952. Gary Cooper ne ɗan dokan, Grace Kelly ce amaryar, har kyautar Oscar Cooper ya ci da shi. Minti 85 ne kacal kuma kusan daidai yake tafiya da lokacin labarin, shi ya sa ake ta hasko agogon bango, kai ma sai ka ji cikinka na ɗurar ruwa.

Maman Biyu: Ni mutanen garin ne suka ban haushi wallahi. Har coci ya shiga yana roƙo, suka ɓige da surutu. Amaryar nan da addininta ya hana ta faɗa ita ce ta harbe ɗaya daga cikin mutum huɗun, maza na leƙe ta taga! Dole ya cire bajonshi ya jefar a ƙasa.

Tela Daura: Ai wannan jefa bajon jarumin finafinan kaboyi John Wayne bai ji daɗinshi ba, shi da darakta Howard Hawks suka yi fim ɗin Rio Bravo a 1959 kamar raddi, nasu ɗan dokan ba ya bin gida-gida yana roƙo.

Bakatsine: Hajiya a yi musu adalci fa. Duk wanda ya taɓa kwana sintiri a unguwa da tocila da gora ya san faɗa a baki daban, fitowa daban, mai 'ya'ya biyar ka ce ya tari bindiga? Ni ban ga laifinsu sosai ba gaskiya.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na faɗa ma Baba, ya ce shi ne. Yanzu kuma wai in nemo mai fassarar Hausa.