Wai Bishop Ajayi Crowther gazawa ya yi ko Turawa ne suka yi masa ƙafar ungulu?

Bitrus: 'Yan'uwa ni fa ra'ayina Crowther bishop ne na ado kawai. An naɗa shi a Canterbury 1864, an yi ta murna wai baƙar fata na farko a Anglican, amma ya kasa riƙe ma'aikatansa, shi yasa aikin mishan na kogin Neja ya watse a hannunsa. Kar a zage ni dan Allah.

Mama Rifkatu: Haba Bitrus ɗana. Yaron da aka kama bawa 1821, jirgin Ingila ya ƙwace shi daga 'yan Fotugal aka sauke shi Saliyo, ya zama ɗalibin farko a kwalejin Fourah Bay da ke Freetown, ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, har Nufanci da Ibo ya rubuta musu littafin koyon karatu, shine na ado?

Bitrus: Mama ba ilimi nake magana ba, shugabanci nake nufi. A Onitsha ma'aikatan mishan sun daki wata yarinya har ta mutu, sai a Freetown aka yi shari'ar. Wasu kuma kasuwanci suka sa gaba suka bar bishara. Ina bishop yake lokacin?

Malam Yohanna: Maganar yarinyar gaskiya ce, ba mai kare ta, kuma eh Baban yana da sanyin hali, in mutum ya yi laifi ya fi son ya ja masa kunne ya canza masa wurin aiki maimakon kora. Amma Bitrus ka duba irin kujerar da aka ba shi mana. Yankin nasa wai ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya, Legas ba ta ciki, Turawan da ke Abeokuta irin su Henry Townsend tun farko suka nuna ba za su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba aka kuma bar su, kuɗi na hannun CMS, ƙungiyar mishan ta Anglican, a Landan, ma'aikata kuma sai wanda ya samu daga Saliyo ya yarda ya zo kan albashi kaɗan, tashoshi daga Bonny har Lakwaja kuma sai ya jira jirgin 'yan kasuwa kafin ya zaga. An ba shi doki an riƙe linzami. Henry Venn, sakataren CMS, shi ne mai ra'ayin ikilisiya ta mulki kanta ta ciyar da kanta, da ya rasu 1873 shikenan gatansa ya ƙare.

Sani: Ni musulmi ne amma bari in sa baki. Mutumin nan sarakunan Nupe sun girmama shi sosai, ya yi ta zuwa Bida wajen Etsu Masaba, kuma Etsu Maliki ta hannunsa ya aika kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasarsa. Sarki ba ya ba ɗan ado irin wannan saƙo.

Bitrus: To Malam Sani mutum nawa ya yi wa baftisma a Bida? Zumunci da sarki daban, aikin da aka aike ka daban.

Sani: Hhhh wannan kuma ku ta shafa, ni dai na san bai zagi addinin kowa a fada ba.

Malam Yohanna: Yawwa Bitrus ka kawo kanka. Samarin Turawan da suka zo 1890 suna cewa ya gaza, su Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, sun zauna Lakwaja sun sa riga da rawani wai za su shiga ƙasar Hausa, ina suka kai? Robinson ya mutu 1891, Brooke 1892, ba su shiga ba. Abin da suka iya shine taron kwamitin kuɗin mishan a Onitsha na Agusta 1890, a gaban tsoho mai kusan shekara 80 aka dakatar da limamansa har da ɗansa Dandeson, alhali Turawan nan yara ne da ba a haife su ba lokacin da ya hau kogin Neja 1841. Ya ajiye kujerar kwamitin, ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas 31 ga Disamba 1891.

Ladi: Kuma Yaya Bitrus in laifin mutum ɗaya ne me yasa bayansa aka ɗora Bature, namu sai dai mataimaki, har sai 1952 kafin wani ɗan Najeriya ya riƙe dayosis nasa? Shekara 60 fa. Ko Justin Welby, Akbishop na Canterbury a lokacin, da kansa ya nemi gafara kan abin da aka yi masa a 2014.

Bitrus: Wariya kam an yi, ban musa ba. Amma neman gafarar Welby bai goge rahoton da aka rubuta kan ma'aikatan ba, kuma yarinyar nan ba Bature ne ya kashe ta ba.

Mama Rifkatu: Ba wanda yace waliyyi ne. Amma kai "na ado" kace, ikilisiyoyin Bonny da suka ɓalle 1892 ƙarƙashin Dandeson suna biyan limamansu da kuɗinsu wa ya dasa su?

Bitrus: Mama wannan Delta ne, ni a kan Onitsha da Lakwaja nake tsaye. Malam Yohanna amsa min, da ya kori masu laifin tun farko da Brooke ya samu abin kamawa?

Malam Yohanna: Ya kore su ya sa wa a gurbinsu? Kuma da kuɗin wa?