Ina kuke samo wa yaranku littattafan karatu a Damagaram?

Maman Hadiza, Birni:
Assalamu alaikum. Ɗiyata tana aji huɗu, bakinta ya faɗa da karatu, amma ban da littafin lakwal babu abin da take buɗawa a gida. Na zaga kasuwa, abin da na tarar shi ne littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano, sai na addini, sai tsofaffin littattafan Faransanci masu hoton dusar ƙanƙara wadda yarinyar ba ta taɓa gani ba. Ina roƙon iyayen da suka gamu da wannan su faɗa mana yadda suka yi.

Malam Sani, tsohon mushe (malamin lakwal), Zango:
Hajiya, abin ya daɗe yana damuna, domin a garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma ga shi a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, amma littafin Hausa da zai bayyana wa yaro yadda ruwan sama yake samuwa ko abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro yana da wuyar samu. Abin da na gani a aji shi ne, yaron da aka fara da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yakan nemi littafin dabbobi da na taurari da kansa.

Maman Abdu, Sabon Gari:
Mu gida biyar ne muke karo-karo na jaka guda duk wata, mu ba direban da ke zuwa Kano saƙo, littattafan kuma su riƙa zagayawa tsakanin gidajen.

Alhaji, Birni:
Ɗiyata, ni da na rasa na saye, kaye na ɗauka. Na rubuta wa jikokina labarin Sarki Tanimun da ganuwar da ya kewaye Birni da ita, da yadda garin nan ya zama babban birnin Nijar har zuwa 1926, lokacin da Turawa suka mai da mulki Yamai. Bayan sallar la'asar na kai su ƙofar fada, suka ga wurin da idanunsu. Yanzu ƙaramin ne yake karanta wa kakarsa kayen da dare, wadda ba ta yi boko ba, tana gyara masa sunayen sarakuna.

Maman Hadiza:
Baba, don Allah a ara mini kayen nan kwana biyu in kwafa.