Wai da gaske ana koyon jefa bom ba tare da an jefa ba?

Ɗan Kawo:
Salam jama'a. Jiya ina shago jiragen 'yan koyo suna ta shawagi ta saman Mando sai musu ya ɓarke tsakanina da wani kwastoma, wai a garin La Junta na jihar Kolorado a Amurka akwai tsohuwar tashar rada da aka yi shekaru ana horar da matuƙa jefa bom amma ko bom ɗaya bai taɓa faɗowa ƙasa ba. To ta yaya ake gane wanda ya samu da wanda ya kuskure?

Baban Ummi:
Kwastomanka ya fi ka gaskiya ɗan'uwa. Rundunar SAC ta sojojin saman Amurka ce ke da irin waɗannan tashoshi, ita ce ta riƙe manyan jiragen da ke ɗaukar bom ɗin nukiliya daga 1946 zuwa 1992. Dabarar ita ce, in jirgin B-52 mai jefa bom ya doso sai ya kunna wani sauti a rediyo kamar fito, radar tana bin sa, daidai lokacin da ya kamata ya saki bom sai sautin ya yanke tsit, to a nan na ƙasa za su ɗauki tsayinsa da gudunsa da iska su lissafa inda bom ɗin zai sauka da an sake shi da gaske. Sai a ba shi maki kamar ɗan jarabawa. Manomi na gonarsa bai ma san a takarda an ragargaza maƙwabtansa ba.

Hajiyar Barnawa:
Ikon Allah, wato bom ɗin biro da takarda kenan hhhh

Na Rigasa:
Hajiya ba wasa ba ne fa. Tun da Rasha ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka na U-2 a 1960 Amurkawa suka ƙara gane tashi can sama ba kariya ba ce, suka koma atisaye ƙasa-ƙasa. A Satumban 1987 wani jirgin B-1B mai jefa bom ya yi karo da kwasakwasa kusa da La Juntan nan, ya faɗi, mutum 3 cikin 6 suka rasu. Tsuntsu fa!

Baban Ummi:
Haka ne. Kuma na manta, a yaƙin Biyetnam daga 1966 juya abin suka yi, mai rada a ƙasa shi ke ce wa matuƙi yanzu saki, wannan karon kuma na gaske ne ke sauka kan mutane.

Ɗan Kawo:
Kash, ashe lemon kwalba ya hau kaina, don da shi muka ƙulla.