Neman shawara: gangaren siminti na allon sulu a tsakar gida

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai shekara 14 ya samu allon sulu mai taya huɗu, wanda suke kira sketbod, kawunsa ne ya kawo masa tsaraba. Tun da ya ga bidiyon yarinyar nan 'yar Japan, Momiji Nishiya, wadda ta ci zinare a Olamfik na Tokyo a 2021 tana shekara 13, ba shi da zance sai wannan. Da na ga ya fara fita titi yana ratsa 'yan adaidaita sahu, hankalina ya tashi, na sa birkila ya yi masa ɗan gangare a tsakar gida. Buhu uku na siminti ya ci. Amma inda gangaren ya haɗu da ƙasa akwai kusurwa, taya na isa wurin sai ta cije, yaron ya kife. Shekaranjiya ya gurje gwiwa sosai. Ga daɓen ma ya fara tsagewa. In fasa in sake, ko in koma katako?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam Alhaji. Katako kam kada ka fara, tsakanin gara da damina ba zai kai ko'ina ba. Birkilanka gangaren shigar mota ya yi maka, alhali wannan lanƙwasa yake so kamar cikin ƙwarya, ya taso daga ƙasa ba tare da taya ta ji gaɓa ba. A kafa ƙusa, a ɗaura igiya mai tsawon wajen mita 2, a zana bakan a jikin allon katako, kafinta ya yanko guda biyu iri ɗaya, su ne ma'auninka a gefe da gefe. Ga mai koyo, tsayin kada ya wuce santimita 90. A cika da jar ƙasa a daddaɓe ta sosai, a shimfiɗa rodi, a zuba kankare mai tsakuwa kaurin santimita 10, a kafa bututun ƙarfe a bakin sama.

Inda aikin yake shi ne shafa. Ba a shafawa sau ɗaya a tafi cin abinci. Ana tsayawa a kansa yana kamewa ana bi da cokalin ƙarfe, a sake bi, har sai ya yi sumul. Tsagewar nan kuwa ƙishirwa ce, musamman in da hunturu aka zuba. A rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa kwana 7 aƙalla. Ƙarfinsa na gaske sai wajen kwana 28.

Ɗan Zangon Nima:
Baba, ina gaisuwa daga Ankara ta Ghana. A nan an buɗe filin wasan sketbod mai suna Freedom Skatepark a Disamba 2021, ƙungiyar Surf Ghana ce ta tsaya a kai, da tallafin marigayi Virgil Abloh, shahararren mai tsara tufafi ɗan asalin Ghana. Abin da na lura, shimfiɗaɗɗen filin da ke gaban gangare ya fi gangaren kansa amfani, a nan ake ɗaukar gudu, a nan ake koyon tsalle. A bar masa ko da mita 5, a ɗan karkata daɓen kaɗan don ruwa ya gudu. Kuma a sa Sadiq cikin aikin. A unguwar Kitintale ta Kampala matasa ne suka gina nasu da hannunsu.

Maman Biyu:
Ni dai roƙona, kafin buhun siminti na gaba a sayo masa hular kwano da kariyar gwiwa da ta wuyan hannu. In yaro zai faɗi, hannu yake fara kaiwa ƙasa.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna tsakar gidan ɗazu, mita 7 ne daga rijiya zuwa bangon zaure, zai isa. Ranar Asabar za mu fasa tsohon. Malam Magini, rodi mai kaurin nawa zan saya, kuma tazarar nawa za a bari tsakaninsu?