Abin da matafiya suka ce kan canjin jirgi da ɓacin yanayi

To jama'a, a hirar matafiya kan tafiyar da sai an canja jirgi a hanya, abin da kusan kowa ya nanata shi ne ka sayi tikiti ɗaya har ƙarshen tafiya, domin in hazo ko guguwa ta sa jirgin farko ya yi latti, kamfanin ne zai nemo maka wani jirgin, amma in ka yi dabarar sayen tikiti biyu daban don sauƙi, wallahi jirgi na biyu ba ruwansa da kai, kuɗinka sun tafi.

An ɗan yi gardama kan tsawon jira tsakanin jirgin farko da na biyu. Wasu sun ce awa ɗaya ta isa, ni dai ina tare da masu cewa awa uku, musamman a Amurka inda ko wucewa kawai za ka yi sai ka bi layin imigireshan. Jirgin safe kuma ya fi tabbas, hadari da tsawa sun fi tasowa da yamma, latti ma taruwa yake yi.

Wata ta tuna mana dokar Tarayyar Turai ta 2004: in yanayi ne ya jawo, ba diyya, amma dole kamfanin jirgin ya ba ka abinci, da otal in kwana ya kama. Ajiye rasit.

Magani, caja da tufafin canji su zauna a jakar hannu, babban akwati yana iya kwana a wata ƙasa. In an soke jirgi kuma, kana tsaye a layi kana kiran kamfanin a waya, wanda ya riga shi ke samun kujerar da ta rage.