Shanuna uku sun yi ɓari a jere, allura ta ƙi aiki

Mai Garke:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Cikin wata biyu shanuna uku suka yi ɓari kuma duk cikin ya tsufa, wata shida zuwa bakwai, ɗaya ma mabiyiyar ta ƙi faɗowa sai da aka sa hannu. Bayan ta biyun na sayo antibayotik oksitetrasaikilin na bi garken duka da allura, sai ga ta uku ita ma ta zubar. Akwai sauran biyar masu ciki, wlh ko barci ba na iya yi. In nemo wata allurar da ta fi ƙarfi ne?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri Malam. Ka dakata da allurar nan tukuna. Ɓari a ƙarshen ciki ga maƙalewar mabiyiya, abin da ya fara zuwa min rai bakkale ne, ƙwayar bakteriya Brucella abortus ke kawo shi, wadda wani likitan dabbobi ɗan Denmak Bernhard Bang ya gano tun 1897. Dalilin da ya sa allura ba ta yi komai ba shi ne ƙwayar nan tana shigewa cikin ƙwayoyin jikin dabbar ne ta ɓuya, har cikin fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu kashe ta, to antibayotik sai dai ya rage ta amma ba ya share ta, saniya ta ci gaba da zubar da ita a nono da ruwan haihuwa. Sai dai kar mu yanke hukunci daga nesa, wasu ƙwayoyin cuta irin su Leptospira da Listeria da Campylobacter duk suna sa ɓari, kuma kowanne da yadda ake tunkararsa. Lab ce za ta raba gardama. Ka duba min kuma ko akwai masu kumburi a gwiwa kamar jakar ruwa, ko bijimi mai kumburin 'ya'yan maraina.

Ɗalibar Lab:
Bari in ƙara a kan maganar Dakta, domin kullum abin da ke bani takaici kenan, a kawo samfur bayan an cika dabba da magani sannan a ce ba mu gano komai ba. Baba idan wata ta sake ɓari kar a yar da ɗan tayin, ruwan da ke cikin tumbinsa shi ne mafi kyau wajen shuka ƙwayar, wato a raine ta a lab har a gane ta, sai guntun mabiyiya, a sa a leda biyu a kan ƙanƙara a kai da wuri. Gwajin jini na Rose Bengal minti 4 ne a kan faranti, jini ya yi gudaji-gudaji to akwai alama, amma tantancewa ce ta farko sai an tabbatar da wani gwajin kamar ELISA, kuma wadda ta yi ɓari jiya-jiya za ta iya nuna babu, a maimaita bayan sati biyu ko uku. Shuka ƙwayar kuwa tana ɗaukar kwanaki, ba kowace lab ke yi ba saboda tana kama ma'aikata ta numfashi.

Tsohon Makiyayi:
Ni abin da ya dame ni wanda ya sa hannu ya ciro mabiyiyar nan. Da safar hannu ya yi? Ni bakkalen nan ya taɓa kama ni, zazzaɓi ya zo ya tafi ya dawo, gumi da daddare kamar an watsa min ruwa, ga ciwon baya, na sha maganin maleriya har na gaji kafin a gano. Sati shida na yi ina shan magani kala biyu. Ku tafasa nono kafin kowa ya sha, musamman yara.

Mai Garke:
Innalillahi, ɗana ne ya ciro kuma hannu tsirara. Gobe zan kai shi asibiti. Kuma eh Dakta, akwai tsohuwar saniya mai kumburi a gwiwar gaba tun bara. To in gwaji ya tabbatar shikenan ba magani?

Likitan Dabbobi:
Gaskiya mai warkarwa gaba ɗaya a shanu babu, shi ya sa ake fitar da masu ɗauke da shi daga garke, kuma dan Allah kar a sayar wa wani makiyayin ya kai cikin nasa. Riga-kafin S19 'yan maruƙa mata ake yi wa, masu wata 3 zuwa 6, kar a yi wa masu cikin nan don shi kansa zai iya sa su ɓari. Yau ɗin nan ka ware ukun da tsohuwar saniyar, ka ƙone shimfiɗar inda suka zubar ko ka binne da zurfi kar karnuka su ja. A asibiti kuma ka faɗa musu ƙarara cewa yaron ya taɓa mabiyiyar saniyar da ta yi ɓari, in ba haka ba gwajin maleriya kawai za su yi masa.